Minsharin da yake yankewa ya yi tsit: amsa ga 'yar uwa daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta saƙonki sau biyu kafin in fara rubutu, dan abin da kika bayyana irinsa ne muke so matan aure su riƙa kawo mana asibiti amma ba kasafai suke kawowa ba. Kin ce maigidanki direba ne, yana jigilar fasinja Zariya zuwa Kaduna wani lokacin har Kano, shekarunsa 47, yana da jiki, kuma tun aurenku yake minshari amma shekara biyun nan abin ya sauya, sai ya yi ta ja yana ja can sai ki ji tsit kamar an kashe janareta, ƙirjinsa na ɗagawa amma babu iskar da ke shiga, har sai ya zabura da wani irin gurnani sannan ya ci gaba. Kin ce Hajiyarsa ta ce gajiyar hanya ce ko kuma dannau, kuma maganin hawan jini kala uku yake sha amma jinin ya ƙi sauka. Tambayarki ita ce shin ciwo ne wannan, kuma zai iya tafiya a cikin barcin?

Toh gaskiya ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban gani ba, amma yadda kika kwatanta abin nan ya yi kama ƙwarai da ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda a asibiti za ki ji muna ce masa afniya. Ni ɓangaren ciwon ƙirji da numfashi nake aiki a nan Zariya, kuma abin da nake so ki riƙe shine ƙarar minsharin ba ita ce abin tsoro ba, shirun nan da kike ji a tsakani shine abin dubawa. Mutane da yawa suna minshari lafiyarsu ƙalau. Wanda minsharinsa ke yankewa ya yi shiru sannan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga ruwa, shi kam lamarinsa daban ne.

Ga abin da ke faruwa a lokacin shirun. Hanyar da iska ke bi daga bayan hanci zuwa maƙogwaro babu ƙashi a jikinta, tsoka ce zalla, kuma idan muna farke tsokokin nan a ɗaure suke shi yasa hanyar take a buɗe. Da barci ya yi nisa sai su saki. Ga wanda hanyar tasa dama matsattsiya ce, ko saboda kitsen wuya, ko babban harshe, ko ƙaramar haɓa da ta koma baya, sai harshen da naman can bayan ganɗa su faɗo su rage hanyar, iska na wucewa da ƙyar tana kaɗa naman, wannan kaɗawar ita ce minshari. Idan hanyar ta rufe gaba ɗaya sai sautin ya ɗauke, dan babu iskar da za ta kaɗa komai. Ƙirjin da kika ga yana motsi ƙoƙari yake ya jawo iska ta hanyar da take a toshe. A wannan lokacin iskar oksijin da ke cikin jininsa tana sauka, mai lafiya yana tsakanin 95 zuwa 100 ne, amma mai wannan ciwon yana iya sauka 80 da wani abu ko ma ƙasa da haka, sai ƙwaƙwalwa ta ga abin ya yi yawa ta tashe shi na 'yan sakanni, tsokar ta ɗaure, hanya ta buɗe, ya ja wannan dogon numfashin mai ƙara, ya koma barci. Da safe ki tambaye shi zai rantse miki bai farka ko sau ɗaya ba, kuma ba ƙarya yake ba, farkawar ta yi gajarta da yawa har ba ya tuna ta.

Mu a wajenmu idan numfashin ya tsaya ko ya ragu sosai na sakan 10 ko fiye, shine muke ƙirga shi ɗaya. Sau 5 zuwa 14 a awa guda mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama kuma mai tsanani. Yanzu ki lissafa, mutumin da yake yin 30 a awa in ya kwanta awa bakwai, sau 210 kenan aka shaƙe shi aka sake shi a dare ɗaya, kuma kowanne a cikinsu sai zuciya ta buga da sauri, jini ya hau. Kin ga dalilin da yasa mutum zai kwanta tun bayan isha'i ya tashi da asuba kamar wanda ya kwana dako. Kuma ba ciwon Turawa bane kawai kamar yadda wasu ke ɗauka, wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya nuna kusan mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke da shi a duniya, mafi yawansu ma ba su san suna da shi ba.

Maganar dannau kuwa, Hajiya ba ta faɗi abin da babu shi ba, dannau akwai shi kuma mu ma mun san shi, sai dai ba shi bane wannan. Mai dannau a farke yake, yana jin komai na ɗakin, yana so ya motsa ko ya yi salati da ƙarfi ya kasa, yana jin kamar an ɗora masa wani abu mai nauyi a ƙirji, bayan 'yan sakanni ko minti ɗaya zuwa biyu ya sake shi, kuma da safe shi da bakinsa zai ba ki labari da tsoronsa da komai. Abin yana faruwa ne dan a lokacin mafarki jiki a sake yake ba ya motsi, sai hankali ya riga jikin farkawa. Shi kuwa na maigidanki ke ce kike gani, shi bai sani ba. Addu'ar kwanciya barci da tofi a ci gaba da yi, babu wanda zai hana, amma a haɗa da zuwa asibiti, neman magani ai ba ya cin karo da tawakkali.

Sauran alamun dare da zan so ki lura da su, akwai tashi fitsari. Wannan yana ruɗar mutane sosai, mutum ya riƙa tashi sau uku sau huɗu, ya je a gwada suga a ce babu, a duba mafitsara a ce lafiya, a rasa dalili. Dalilin shine duk lokacin da ƙirji ke fizgar iska ta toshasshiyar hanya, matsin yana jan zuciya ta buɗe kamar jini ya yi mata yawa, sai ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa da gishiri. Sai gumin dare ko da a lokacin sanyi ne, da birgima har zanin gado ya tattare, da ƙwarnafi yana taso masa cikin dare, da tashi da busasshen baki saboda da baki yake numfashi, wasu har ruwa suke ajiyewa a gefen katifa. Da safe kuma ciwon kai mai nauyi ta goshi ko duka gefen biyu, wanda yakan sake shi da kansa zuwa hantsi.

Na rana su ne suka fi damuna game da maigidanki saboda sana'arsa. Ki tambayi kanki, idan ya zauna shiru na minti goma, yana iya zama ido biyu? Yana gyangyaɗi a wajen huɗubar Juma'a, ko a zaune bayan sallar asuba kafin ya gama azkar, ko ana cikin hira da baƙi a zaure sai a ji ya yi shiru kai ya langaɓe? Ya zama mai saurin fushi a kan abin da da can ba ya ɗaga masa hankali, ko mai mantuwa, ya ajiye makullin mota ya yi ta nema? Goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari sun ƙaru a bakinsa? Akwai kuma abin da maza ba sa so a faɗa, raguwar sha'awa da raunin gaba, da yawa suna ta kashe kuɗi wajen masu maganin maza a tasha alhali matsalar daga barcinsu take, kin fi kowa sanin wannan ɓangaren kuma ba sai kin amsa min a nan ba, amma idan kun je gaban likita a faɗa masa.

Shekarun baya an taɓa kawo mana wani bawan Allah direban babbar mota da ya sauka daga titi da rana tsaka, babu wanda ya sha gabansa, taya ba ta fashe ba, birki lafiya. Allah ya kiyaye, karaya ce kawai a hannu. Ana ta tambayarsa me ya faru yana cewa shi bai sani ba, kawai ya ga kansa a cikin gona. Matarsa ce da take jinyarsa ta ce min likita ai dama ni ban taɓa yarda da barcin mutumin nan ba, kullum sai na zungure shi yake numfashi, shekara da shekaru. Babu wanda ya taɓa tambayarta, ita kuma ba ta ɗauka magana ce ta asibiti ba. Tun daga lokacin duk direban da ya zo min da hawan jini sai na tambayi yadda yake barci, kuma in da hali in ce ya zo da iyalinsa.

Barci ɓarawo ne, kuma irin wanda ke ɗaukar mai wannan ciwon ba ya sallama, sakan biyu ko uku ne ido ya rufe ko ma ido a buɗe hankali ya tafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowane sakan, wato a sakan uku ta wuce mita 80 babu mai tuƙa ta, ga fasinja cike, ga tireloli a hanyar Kaduna. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna masu wannan ciwon da ba su samu magani ba sun fi sauran direbobi yin hatsari, ninki biyu ko fiye. Shi yasa nake roƙonki, idan har ya taɓa ce miki barci ya fizge shi a kan sitiyari ko sau ɗaya ne, ko a go-sulon Kwangila ne ma motar na tsaye, to maganar zuwa asibiti ta wannan satin ce ba sai an samu sarari ba. Kafin nan ya bar tafiyar dare da ta bayan cin abincin rana, in ya ji nauyin ido ya faka ya kwanta minti ashirin, sauke gilas da wanke fuska da ƙara sautin rediyo duk ba sa hana wannan barcin.

Hawan jinin da kika ambata ma babbar alama ce. Jinin mai lafiya yana sauka da dare ya huta, na mai afniya kuwa hawa yake ta yi yana sauka har gari ya waye, a hankali sai ya zauna a sama har da rana. Duk wanda yake shan magani kala uku yadda aka rubuta masa, ba ya tsallakewa, amma jinin ya ƙi sauka, ɗaya daga cikin abubuwan farko da ya kamata a bincika shine barcinsa, dan kaso mai yawa na irin waɗannan mutanen ana samunsu da wannan matsalar. Kuma in aka bar shi shekaru yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da gazawar zuciya, yana kuma wahalar da daidaita suga ga mai ciwon suga.

Yanzu tambayar da na san ita ta hana ki barci, ko zai iya tafiya a cikin shirun nan. A mafi yawan lokuta a'a, ƙwaƙwalwa tana tashinsa kafin abin ya kai can, shi yasa kike ganin kullum yana dawowa. Ba sai kin kwana zaune kina gadinsa ba, ke ma lafiyarki abin kula ce. Ɓarnar ciwon a hankali take taruwa a zuciya da jijiyoyin jini. Amma akwai abin da ke iya kashe wannan farkawar da ke cetonsa, shine maganin barci irin su diazepam, da tramadol, da maganin tari mai kodin, da giya ga masu sha. Waɗannan suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro kuma suna sa ƙwaƙwalwa ta yi nauyin tashi, su tramadol da kodin ma har cibiyar numfashin kanta suke dannewa. Na faɗi haka ne dan na san halin tasha, direba ya ce jikinsa na ciwo ko ba ya samun barci mai daɗi, sai wani ya miƙo masa ƙwaya, ko ya tsaya kemis a haɗa masa. Dan Allah ki bincika cikin hikima ko yana shan wani abu makamancin haka. Haka kuma duk ranar da za a yi masa wani aiki da za a sa shi barci a asibiti, a gaya wa likitoci tun kafin a fara cewa numfashinsa na ɗaukewa a barci.

Akwai wasu tambayoyi takwas da likitoci a Toronto ta ƙasar Kanada suka tsara a 2008, da su muke tace waɗanda ya kamata a yi wa gwaji, kuma kina iya yinsu a gida. Ana duba ko minsharin mai ƙarfi ne har a ji daga wani ɗakin, ko yana fama da gajiya da barcin rana, ko wani ya taɓa ganin numfashinsa ya tsaya, ko yana da hawan jini, sai ƙiba mai yawa, sai shekaru sama da 50, sai kaurin wuya da ya kai santimita 40 zuwa sama wato kamar inci 16, sai kuma kasancewa namiji. Wanda ya samu uku ya shiga sahun waɗanda za a bincika, biyar zuwa sama kuwa haɗarin babba ne. Daga saƙonki kaɗai na ƙirga masa huɗu, minshari, tsayawar numfashi da kika gani da idonki, hawan jini, da kasancewarsa namiji, ban ma san wuyansa da nauyinsa da yadda yake yini ba. Wuyan kuwa tef ɗin tela ya isa, ko ki tambayi telan da ke masa ɗinki, ya san awon wuyansa kuma zai iya gaya miki ko ya ƙaru a 'yan shekarun nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a wannan ciwon ke ce babbar shaida, kin fi duk wani awo da za mu yi masa da rana yana zaune a gabanmu garau. Abin da zai taimaka ƙwarai shine ki ɗauke shi a waya yana barci, bidiyo na minti biyar zuwa goma da za a ga ƙirjinsa a ji sautin, musamman can wajen ƙarfe uku zuwa asuba da kuma lokacin da yake rigingine, dan a lokacin abin ya fi tsanani. Ki duba agogo ki ƙirga sakan nawa shirun ke kaiwa, kuma sau nawa ya yi a cikin minti goman. Amma ki fara gaya masa za ki yi, kuma shi kaɗai za ki nuna wa sai likita, kar ya je hannun ƙawaye ko dangi, dan maza da yawa suna jin maganar minshari kamar gori ce, da ya ji an yi dariya shikenan ya rufe maganar. Ki same shi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce masa tsoro kike ji, ki nuna masa. Na sha ganin magidancin da ya yi shekaru yana musu, yana ganin kansa a waya ƙirji na fama babu numfashi sai jikinsa ya yi sanyi ya ce a tafi asibitin. In kuma ya ƙi, ki bi ta wajen wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko aminin da suke tasha ɗaya, ko Hajiyar da kanta in kin nuna mata ta gani.

Inda za ku je, ku fara da likitan da ke duba masa hawan jinin, ko sashen marasa lafiya na waje a asibitin koyarwa na Shika ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ku faɗi abin da ya kawo ku a fili, numfashinsa na tsayawa a barci, daga nan a tura ku wajen likitan ƙirji ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Za a leƙa hanci da maƙogwaro, a auna nauyi da wuya, a gwada suga, wani lokacin a duba zuciya da sinadarin maƙoƙo dan raguwarsa ma tana kawo wannan matsalar. Gwajin da ke tabbatar da ciwon shine gwajin barci, a kwana da wayoyi a jiki suna auna numfashi da oksijin da bugun zuciya, akwai kuma ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya kwana da ita a gida. Wuraren yin cikakken gwajin ba su da yawa a ƙasar nan kuma akwai tsada, wannan gaskiya ce mai ciwo, amma likita na iya farawa da auna oksijin na dare da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa, ya haɗa da bayaninki da bidiyon, ya san matakin da za a ɗauka.

Magani akwai, kuma yana aiki. Babbansa wata na'ura ce da ake kira CPAP, ana furta ta sifaf, wani likita a Sidni ta Ostareliya mai suna Colin Sullivan ne ya fito da ita a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba, iskar ɗaki ce take turawa a hankali ta wani abin rufe hanci, sai iskar ta tokare maƙogwaro ya kasa rufewa. Wanda ta karɓe shi, cikin 'yan kwanaki yake jin bambanci, minshari ya ɗauke, fitsarin dare ya ragu, ya tashi da kai wasai. Matsalarta a wajenmu kuɗi ne da wuta, sai an haɗa da sola ko batir tunda duk dare ake sawa, kuma satin farko tana da takura sai an daure. Kar a sayo ta hannu a kasuwa a ɗora kawai, ƙarfin iskar sai an saita wa kowa nasa. Ga masu mai sauƙi akwai wani abu da likitan haƙori ke yi a sa a baki ya turo haɓa gaba, wanda kuma aka samu toshewar hanci ko manyan tsokokin gefen maƙogwaro da ake kira tonsil ana iya masa aiki.

Abin da za ku fara tun yau ba tare da kashe ko sisi ba, ya riƙa kwanciya a gefe, ki tokare bayansa da filo mai tauri dan kar ya juye rigingine, a ɗan ɗaga wajen kai. Sai rage nauyi, wanda shine ya fi komai tasiri ga mai jiki, wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna ƙaruwar nauyi da kashi 10 cikin ɗari na ƙara yawan tsayawar numfashin da kusan kashi 32, raguwar kashi 10 kuma na rage shi da kusan kashi 26. Mai kilo 100 in ya sauke 10 kenan. Na san rayuwar direba, zama ne yini guda, ga shayi da suga cokali huɗu da burodi da safe, ga lemon kwalba a hanya, a dawo dare a ci tuwo mai yawa a kwanta nan take, a nan ne naki hannun zai yi aiki, a ci na dare da wuri a rage yawansa. In yana shan sigari ko shisha ya bari. Lokacin hunturu kuma ƙurar nan tamu tana toshe hanci abin ya ƙaru, wanke hanci da ruwan gishiri mai tsafta kafin kwanciya yana taimakawa.

Abu ɗaya da zan ja kunne a kai da ƙarfi, kar wani ya ce muku beli ne a kai shi wajen wanzami a yanke. Na san al'ada ce da ta daɗe, amma toshewar ba a beli kaɗai take ba, har da bayan harshe da gefen maƙogwaro, yanke shi ba ya warkar da ciwon, ga zubar jini ga shigar ƙwayoyin cuta, mun sha karɓar waɗanda aka kawo jini ya ƙi tsayawa.

Tunda wasu ma za su karanta, kar a ɗauka ciwon maza masu ƙiba ne kawai. Siriri ma yana samu in haɓarsa ƙarama ce ko hancinsa a toshe yake. Mata kuma nasu yakan zo da wata fuskar, rashin barci, kasala, ciwon kan safe, ƙuncin rai, sai a yi ta ba su maganin maleriya da taifot, kuma yana ƙaruwa bayan ɗaukewar al'ada da lokacin juna biyu. Yara ma suna yi, musamman 'yan shekara 2 zuwa 8, galibi saboda tsokokin maƙogwaro da na bayan hanci sun girma. Yaron da ke minshari kusan kullum ba sai yana mura ba, yana barci baki buɗe wuya a banƙare, yana gumi, ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, ba ya girma yadda ya kamata, a kai shi a duba. Su yara maimakon gyangyaɗi sai su zama masu ƙiriniya da rashin natsuwa a aji, a yi ta dukansu a banza. Masu sikila sun fi saurin samu kuma saukar oksijin ta fi yi musu illa, nasu kar a jinkirta.

Sannan ba duk farkawa da shaƙewa bane afniya. Wanda ke tashi cikin dare numfashi ya gagara sai ya zauna ko ya fita tsakar gida neman iska, ba ya iya kwanciya sai da filo uku, ƙafafu sun kumbura, wannan zuciya ake tuhuma. Mu nan Zariya mun san wannan sosai a wajen masu jego, tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan suka yi rubutu a kan yawan gazawar zuciya bayan haihuwa da alaƙarta da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Mai jegon da ke irin wannan farkawar a kai ta asibiti a ranar. Asma ma tana tashin mutum wajen asuba da tari da shesshekar ƙirji.

Shi ma maigidanki, in kika ga leɓensa ko harshensa ya canza kala ya yi duhu a cikin barcin, ko kina tashinsa ya ƙi farkawa sosai yana ta magagi, ko ya tashi da ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu da ƙafa na gefe ɗaya sun yi nauyi, ko magana ta sarƙe, kar ki jira gari ya waye, ku nemi mota ku tafi sashen gaggawa a daren. In ba haka ba, ki ɗauki bidiyon cikin kwana biyun nan, ki auna wuyan, ki rubuta awon jininsa na safe na 'yan kwanaki in kuna da abin awo, ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda har da na tasha, kuma ki shiga ɗakin likitan tare da shi dan ke ce za ki amsa rabin tambayoyin. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare shi a hanya shi da fasinjojinsa.